Filin Tambayi Matafiyi: Birki Kafin Totur

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun fi ƙarfin shafukan da aka ba ni, don haka na tsamo shida, sauran sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Na gajarta wasu tambayoyin amma ban taɓa ma'anarsu ba. Zan fara da ta wata uwa, domin ita ce ta hana ni barci daren da na karanta ta.

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 19, ba shi da zance sai na tseren mota. Kwanaki labari ya iso mini cewa shi da abokansa kan fita da daddare su yi tsere a kan titi. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye makulli, duk a banza. Wai shi direban tsere zai zama. Yaya zan yi da shi? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Hankalinki bai tashi a banza ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a hatsarin hanya, kuma babu abin da ya fi shi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ɗanki yana tsakiyar wannan rukuni.

Abin da yake yi da daddaren nan ba tseren mota ba ne, kuma ina so ki isar masa da wannan daga bakin wanda ya shiga filin tsere. A fili, duk motoci waje ɗaya suka dosa. Babu mai babur da zai ɓullo daga lungu, babu yaron da zai tsallaka. A kowace kwana akwai ma'aikaci riƙe da tuta: in ya ɗaga rawaya, akwai hatsari a gaba, a rage gudu, ba a wuce kowa, in ya ɗaga ja, an tsayar da tseren. Motar asibiti tana jira tun kafin a tada inji. Titi ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa guda, kuma in an ninka gudu sau biyu, tazarar da take bukata kafin birki ya tsayar da ita sau huɗu take ninkuwa. Wannan lissafi ba ruwansa da ƙwarewar kowa.

Ranar da na fara koyon tuƙin tsere, na je ne da ɗokin gudu. Malamin, wani dattijo mai furfura da ba ya yawan magana, ya jera robobi a kan kwalta, ya ce in taho, da na kai ta farko in danna birki. Na danna yadda na saba a titi, sannu-sannu sannan in ƙara ƙarfi. Sai da na wuce roba ta ƙarshe da tsawon mota uku. Ya tako ya leƙo ta taga, ya ce in juya abin: duk ƙarfin ƙafa a farko, sannan a riƙa sassautawa yayin da sitiyari ke shiga kwana. Yini guda cur muka yi a kan wannan. Da yamma cinyata ta dama tana rawa, bel ya yi mini shaida a kafaɗa, kuma ban kai totur ƙasa ba ko sau ɗaya. A ranar na gane cewa a wajen masu wannan sana'a, wanda ya iya tsayawa shi ake bai wa izinin gudu.

Su ma da jini suka sayi tsaron da suke da shi yau. A watan Yunin 1955, a gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, wata mota ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka rasu. A 1994 a filin Imola na Italiya, Roland Ratzenberger ya mutu ranar Asabar, washegari Lahadi 1 ga Mayu Ayrton Senna na Brazil, zakaran duniya sau uku, ya bi shi. Irin waɗannan rashe-rashe ne suka sa aka yi ta gyara: katangun fili, hular kwano, abin tallafe wuya da aka wajabta a Formula 1, babbar gasar tseren mota ta duniya, a 2003, da ƙarfen nan mai kare kan direba da aka kawo a 2018. Shi ya sa a Nuwamban 2020 a Bahrain, da motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama da wuta, ya yi kusan daƙiƙa 28 a ciki amma ya fito da ƙafarsa, da ƙuna a hannuwa. Ki tambayi ɗanki, motar da yake fita da ita da daddare, wanne take da shi cikin waɗannan?

Shawarata, kada ki kashe masa sha'awar, ki canza mata wuri. A nemi filin da ake tuƙa ƙananan motocin nan da ake kira kat, marasa rufi, masu kujera dab da ƙasa. Senna da Michael Schumacher da Lewis Hamilton duk a kansu suka fara, shi Hamilton yana ɗan shekara takwas. A can agogo ne alƙali. Yaron da abokai ke zugawa a titi, ranar da wani ƙaramin yaro ya ba shi ratar daƙiƙa biyu a kowane zagaye, jikinsa zai yi sanyi, ya koma tambaya. Mahaifinsa ko kawunsa ya raka shi, kuma a yi sharaɗi a gaban kowa: ranar da ya sake fita tseren titi, maganar fili ta ƙare. Ki kuma faɗa masa gaskiya cewa kujerun Formula 1 ba su wuce 22 ba a duk duniya, kuma masu su tun suna yara suka fara. Amma bayan kowace motar tsere akwai makanikai da injiniyoyi da masu karanta hanya, kuma wannan ƙofa a buɗe take ga mai shekara 19.

Tambaya: Shekarata 47, na ɗan ajiye tumbi, rabona da keke tun ina sakandare. Na ga hotunan masu hawan tsaunuka da keke, abin ya shiga raina. Ban makara ba? Wane irin keke zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka makara ba. Keke yana tausaya wa gwiwa, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyinka. Amma kafin ka je wajen mai keke, ka biya wajen likita ya auna jininka ya saurari zuciyarka, musamman in akwai hawan jini ko ciwon sukari a dangi.

Kada sunan kamfani ya ruɗe ka. Ka nemi keken da ya yi daidai da tsawonka, mai giya mai sauƙi, mai birki da ke kamawa. Ga yadda za ka gane tsayin sirdi: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, in ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, ka dace. Yawancin ciwon gwiwar sababbin mahaya daga sirdi mai ƙasa-ƙasa da giya mai nauyi yake zuwa. Ka bar ƙafa ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti, maimakon ka riƙa danna feda kamar mai taka laka. Ka fara da rabin awa, sau uku a mako, da gudun da za ka iya hira a kai. Sannu ba ta hana zuwa.

Tunda tsauni ne ya ja hankalinka, bari in ba ka labarin Mont Ventoux a kudancin Faransa, mai tsawon mita 1,910. Daga garin Bédoin kilomita 21 ne da 'yan kai zuwa ƙololuwa, kuma hanyar tana ɗaga ka kusan mita 1,600. Kilomita na farko-farko suna da daɗi har su yaudare ka. Daga nan sai ka shiga daji, inda hawan kan kai kashi 9 zuwa 10 cikin 100, ba wurin hutu, ba iska, ba ka jin komai sai numfashinka da ƙarar sarƙa. Saura kilomita shida bishiyoyi su ƙare, ka fito cikin farin dutse tsirara, hasumiyar da ke saman tana kallonka kamar ka miƙa hannu ka taɓa ta.

A nan ƙarfina ya ƙare. Ba gajiya ba ce irin wadda aka sani. Ƙafafuna suka zama kamar ba nawa ba, gumi mai sanyi ya karyo mini, farin layin da ke gefen kwalta ya fara rabuwa biyu a idona. Na sauka na zauna a kan tsakuwa, keken yana kwance a gefena tayar baya tana juyawa. Wata dattijuwa da ta taho a kan nata keken ta tsaya, ta dube ni sau ɗaya, ta ciro ayaba da wani abu mai zaƙi daga aljihun bayan rigarta ta miƙo mini. Ba ma jin harshen juna. Bayan minti goma sha biyar idona ya washe. Laifina ne: awa biyu ina hawa ban sa komai a baki ba sai ruwa. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, kuma in aiki ya yi tsanani wannan ajiya kan ƙare cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Shi ya sa mahaya ke cin giram 30 zuwa 60 na abu mai sukari ko sitaci duk awa, tun kafin yunwa ta yi sallama.

Da na ci gaba, kusan kilomita ɗaya kafin ƙololuwa, na iso dutsen tunawa da Tom Simpson, ɗan Ingila, zakaran duniya na 1965, wanda ya faɗi ya mutu a wannan wuri ranar 13 ga Yulin 1967 cikin gasar Tour de France, yana da shekara 29. Zafi ne da ƙishirwa, ga ƙwayoyin ƙara kuzari da giya a jikinsa, waɗanda suka toshe masa kunne daga gargaɗin da jiki ke yi. Mahaya kan ajiye gorar ruwa a gindin dutsen. Na tsaya a wurin na jima.

Saukowa ta fi hawa hatsari, kuma ba a cika faɗa wa sabon shiga haka ba. Birkin gaba shi ke da yawancin ƙarfin tsayarwa, sai dai ka tura ƙugu baya kafin ka matsa shi. Ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, zafi zai rage masa kamu. Ka matsa, ka saki. Ka tafi da rigar iska, domin duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri shida da rabi, ga ka jiƙe da gumi. Hular kwano kuwa ba a ciniki a kanta.

In kana neman wanda zai ƙara maka ƙwarin gwiwa, duba Biniam Girmay na Iritiriya, wanda ya ci zango uku a Tour de France ta 2024 ya kuma tafi da koriyar riga, wadda ake bai wa wanda ya fi tara maki. A Satumban 2025 kuma aka yi gasar keke ta duniya a Kigali, karo na farko a Afirka.

Tambaya: Ina karatu a wata ƙasa mai sanyi. Abokan karatuna sun gayyace ni zamiyar ƙanƙara a hutun hunturu. Bana ne na fara ganin dusar ƙanƙara da idona. Ina so in je, amma tsoro nake ji. Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, ki je, kuma ki tafi da tsoron naki, zai yi miki amfani. Sharaɗi ɗaya zan kafa miki: kada abokai su koya miki. Ki biya malami na kwana biyu ko uku. Aboki ya manta yadda rashin iyawa yake, zai ɗauke ki zuwa sama tun ranar farko ya ce ki biyo shi.

Malami zai fara da faɗuwa da tashi. Za ki koyi faɗuwa gefe ɗaya, ki jera dogayen allunan biyu da ke ɗaure a ƙafafunki su gicciya gangaren, sannan ki miƙe. Daga nan sai tsayawa: a haɗa kawunan alluna a gaba, a buɗe bayansu kamar bakin garma, a danna gefensu na ciki cikin ƙanƙara. Iya faɗin buɗewar, iya ƙarfin birkin. Abin da ya fi ba ni wuya a nawa koyon shi ne jingina gaba. Da gangare ya buɗe a gabanka, jiki da kansa yake ja da baya, kuma da ka ja da baya nauyi ya bar kawunan alluna, sai su gudu da kai. Malamata ta sa na riƙa jin ƙaurina yana danna harshen takalmi a kowane lokaci. Ranar ta uku da safe, ƙanƙarar tana ƙara ƙaras-ƙaras a ƙarƙashina, na danna ƙafar hagu sai na ji na juya dama ba tare da na yi kokawa da komai ba. Na danna ta dama, na dawo hagu. Har yau in na tuna wannan juyi na farko sai na ji sanyin iskar a haƙorana, domin baki buɗe na sauko don murna.

A Turai launi ke nuna wuyar hanya: kore da shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka iya, baƙi na ƙwararru. Ki zauna a kore da shuɗi duk wannan hutun. Doka ita ce wanda ke gabanki, wato ƙasa da ke, shi ke da hanya, ke za ki kauce masa. Kada ki tsaya a bayan tudu inda mai tahowa ba zai hango ki ba. Ki faɗa wa mai ba da hayar kaya nauyinki na gaskiya da cewa ke sabuwa ce, domin da shi zai saita maɗaurin takalmi ya saki ƙafarki in kin faɗi. In bai saki ba, gwiwa ce ke biya.

Tufafi hawa uku: na ciki mai tsotse gumi, ba auduga ba domin auduga in ta jiƙe sanyi take riƙewa, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Safar hannu mai kauri, tabarau, da man kare fata. Kada ki ce baƙar fata ba ta ƙonewa. Sabuwar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, kuma yini guda ba tabarau kan sa ido ya yi kamar an zuba masa yashi.

Ki sa hular kwano, kuma kada ki ƙetare sandunan da suka shata hanya. Michael Schumacher, zakaran Formula 1 sau bakwai, ya gama tseren mota lafiya, sai ranar 29 ga Disamban 2013 a Méribel ta Faransa yana zamiya ya faɗi a wajen hanyar da aka shata, kansa ya bugi dutse. Da hula a kansa, kuma likitocinsa sun ce ba don ita ba da bai kai asibiti da rai ba. Can wajen sanduna kuma akwai zaftarewar ƙanƙara. Wanda ta binne, in an tono shi cikin kusan minti 15 yawanci yana raye, bayan rabin awa kuwa yawanci an rasa shi.

Kada ki ji kunyar zama ta ƙarshe. A gasar Olamfik ta hunturu ta 1998 a Nagano ta Japan, Philip Boit na Kenya shi ya zo na ƙarshe a tseren zamiyar ƙanƙara na kilomita 10. Bjørn Dæhlie na Norway, wanda ya ci zinare, ya tsaya a bakin layi yana jiransa har ya iso, ya rungume shi. Boit ya sa wa ɗansa sunan Dæhlie.

Tambaya: Gardama muke da abokina. Ya ce ana zamiyar ƙanƙara a Afirka, na ce ƙarya ne. Raba mu.

Amsa: Malam, abokinka ne da gaskiya. A Maroko akwai Oukaïmeden a tsaunukan Atlas, kimanin kilomita 75 daga Marakesh, a tsayin mita 2,600, ana zamiya daga Janairu zuwa Maris in ƙanƙara ta sauka, ko da yake a shekarun nan ba kullum take sauka da yawa ba. A Lesotho akwai Afriski a tsaunukan Maluti, sama da mita 3,000, su kuma hunturunsu Yuni zuwa Agusta ne. A Masar har cikin gini ake yi, tun 2017. Kuma Lamine Guèye na Senegal ya shiga gasar Olamfik ta hunturu tun 1984 a Sarajevo.

Tambaya: Me ya sa ake ce wa gasar nan ta sahara "Dakar" alhali a Saudiyya ake yin ta? Kuma mutum irina mai son tuƙi cikin rairayi, daga ina zai fara?

Amsa: Ƙanena, sunan gado ne. A 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace da babur ɗinsa cikin Sahara yayin tseren Abidjan zuwa Nice. Da aka ceto shi, maimakon ya yi rantsuwar ba shi ba hamada, sai ya shirya gasar da za ta ratsa ta. Ranar 26 ga Disamban 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka bi ta Aljeriya da Nijar da Mali, 74 ne kawai suka isa Dakar. Shekaru da yawa Agadas da Tenere suna cikin zuciyar wannan hanya. Shi Sabine ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairun 1986, ana cikin gasar. A 2008 aka soke ta saboda barazanar tsaro a Muritaniya, daga 2009 zuwa 2019 ta koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma tana Saudiyya. Jutta Kleinschmidt ta Jamus ta ci ajin motoci a 2001, Stéphane Peterhansel ya ci sau 14 tsakanin babur da mota, a 2025 kuma Yazeed Al-Rajhi ya ci a ƙasarsa. Ba zan rufe wannan tarihi ba sai na ambaci abin da ke ci mini rai: a shekarun da gasar ke ratsa ƙauyukan Afirka, motocinta sun kashe mutanen da ba su shiga tsere ba, har da yara. Duk mai son wannan wasa ya riƙa tunawa da su.

Game da farawa, rairayi makaranta ce mai zaman kanta. Ana rage iskar taya domin ta baje a kan yashi. Ana fita da sassafe, lokacin da yashi ke da ɗan ƙarfi, kuma inuwa tana nuna maka siffar tudu. Da tsakar rana komai fari fat yake, rami da tudu duk ɗaya. Ana hawa tudu kai tsaye, ba a gicciye ba, a ɗaga ƙafa daga totur dab da ƙoli, domin ba ka san abin da ke bayansa ba. In taya ta fara tono, ka tsaya nan take, ƙarin totur ƙarin binnewa ne. Na taɓa yin awa uku da shebur a ƙarƙashin mota saboda daƙiƙa biyar na taurin kai, yashi yana ƙona mini gwiwa ta cikin wando. Kada ka shiga da mota ɗaya, kada ka shiga ba jagoran da ya san ƙasar, ka bar wa wani labarin hanyarka da ranar dawowarka, ka ɗauki ruwan da ya ninka lissafinka. In mota ta mutu, ka zauna wajenta. Mai nema ya fi saurin hango mota a kan mutum. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Malam, na daɗe ina karanta filinka. Da girmanka, ga iyali, ba ka ganin wannan duk jefa kai cikin halaka ne? Daga wani dattijo.

Amsa: Baba, na gode, kuma ban ɗauki tambayarka da wasa ba, domin mai ɗakina ta riga ka yi mini ita. Akwai hatsari, ba zan ɓoye ba. Na san mutanen da suka fita ba su dawo ba. Abin da zan iya faɗa shi ne inda nake ja wa kaina layi, kuma zan faɗe shi da abin da ya faru.

Mun je hawan Toubkal a Maroko, tsauni mafi tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Ni da wani abokin tafiyata da jagora. Daga ƙauyen Imlil, wajen mita 1,740, muka hau zuwa masaukin da ke kusan mita 3,200 a yini guda. Wannan shi ne kuskurenmu na farko, domin ciwon tsauni kan fara kama mutum daga mita 2,500, kuma masana sun ce in an wuce 3,000 kada wurin kwana ya riƙa ƙaruwa da fiye da mita 500 a rana. Da daddare abokina ya ce kansa na sarawa, ya ƙi cin abinci. Muka ce gajiya ce.

Kafin asuba muka tashi da fitila a goshi. Sanyi yana cizon yatsu, ba ka ganin komai sai da'irar haske a kan duwatsu da tururin bakinka. A irin wannan tsayi, iskar da kake shaƙa kusan kashi 60 cikin 100 ce kawai na wadda ke bakin teku, taku goma sai ka tsaya. Gari na wayewa muka iso wani wuyan tsauni, saura mita 200 da 'yan kai. Ana hango ƙarfen da aka kafa a ƙololuwa. A nan abokina ya durƙusa ya yi amai. Na kira sunansa, sai da na maimaita sau biyu ya ɗago. Jagoran ya ja layi da sandarsa a ƙasa, ya ce ya taka a kai, diddige na bin yatsa. Taku na uku ya karkata, na tare shi. Wannan alama ce ta cewa ciwon ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, kuma maganinsa ɗaya ne, a sauka.

Ya roƙe ni in ƙarasa, wai zai jira ni a nan, awa ɗaya ce kawai zuwa da dawowa. Shekara biyu ina tara kuɗin wannan tafiya, kuma ƙafafuna lafiyarsu ƙalau. Na dubi ƙarfen nan, rana ta fara haska shi. Sannan na karɓi jakarsa na rataya a ƙirji, jagoran ya riƙe shi ta hagu, ni ta dama, muka juya.

Ba mu tsaya a masaukin ba sai don shan ruwa. Muna ƙara sauka, maganarsa tana ƙara dawowa daidai. Wajen la'asar, a gefen wani rafi can ƙasa, ya zauna a kan dutse ya cire takalmi, ya tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi, ya ce yunwa yake ji. Ban taɓa jin daɗin wannan kalma kamar ranar ba.

Har yau ban taka ƙololuwar Toubkal ba, Baba. Muna shirin komawa ni da shi, kuma wannan karon za mu kwana biyu a hanya kafin mu kai masaukin sama.